Gwiwa Ba Ta Shawara da Ƙwaƙwalwa: Kalmomin Ingilishi na Martanin da Ba a Yi Niyya ba da Matsalar Fassara Su

Gabatarwa

Akwai wani rukuni na kalmomin Ingilishi da mai fassara kan ɗauka ba su da wata wahala, sai ya zo zuba su cikin jimlar Hausa sannan ya tarar akwai sauran rina a kaba. Su ne kalmomin da ke bayyana abin da jiki ko baki ke aikatawa kafin mai shi ya yi shawara da zuciyarsa, irin su “reflex” da “knee-jerk” da “instinct” da “gut reaction” da “automatic” da “involuntary” da “Pavlovian”. Idan aka duba su a ƙamus, kusan ma'ana ɗaya ake samu: abin da ya auku ba tare da niyya ko tunani ba. Wannan ne ke sa a yi zaton cewa “ba da gangan ba” ta isa ta ɗauke su gaba ɗaya.

Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne ba ta isa ba. Kowace daga cikin kalmomin nan aiki biyu take yi. A ɗakin gwaji da asibiti, bayani take yi kan yadda jiki ke aiki. A jarida da majalisa da filin ƙwallo da hirar yau da kullum kuwa, hukunci take yankewa: ko ta zargi mutum, ko ta yabe shi, ko ta nema masa uzuri. Mai fassarar da ya kawo bayanin ya bar hukuncin, kwano ya kawo ya baro tuwon. Haka kuma Hausa ba ta rasa hanyar faɗin waɗannan abubuwa ba, sai dai ba a cikin sunaye ta fi ajiye su ba. A ginin jimla da aikatau da amsa-kama ta ajiye su. Saboda haka neman kalma guda da za ta maye gurbin “reflex” a ko'ina neman abu ne a inda ba a ajiye shi ba.

Daga Ɗakin Gwaji

Kalmar “reflex” ta samo asali ne daga Latin, inda tushenta ke nufin lanƙwasawa zuwa baya ko mayarwa. Tunanin da ke ƙarƙashinta shi ne saƙo ya shiga jiki, ya juyo a matsayin motsi, kamar yadda haske ke dukan madubi ya dawo. René Descartes, a littafinsa kan halittar ɗan Adam da aka buga a 1662 bayan rasuwarsa, ya kawo misalin mutumin da ƙafarsa ta kusanci wuta ya janye ta ba tare da ya yanke shawara ba. A 1833 likitan Ingila Marshall Hall ya gabatar da bincikensa kan rawar da laka ke takawa a irin wannan motsi. A 1906 kuma Charles Sherrington ya fitar da littafin da ya zama ginshiƙin fahimtar yadda waɗannan martani ke haɗuwa su tafiyar da jiki, ya kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1932.

Fitaccen misali shi ne na gwiwa, wanda likitocin Jamus biyu, Wilhelm Erb da Carl Westphal, suka bayyana kowa da kansa a 1875. Idan likita ya ɗan bugi jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa da ƙaramar gudumarsa, tsokar cinya takan ɗan miƙe, saƙo ya tafi laka, ya juyo nan take ya umarci tsokar ta tsuke, sai ƙafa ta yi harbi gaba. Duk wannan yana kammaluwa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma umarnin ba daga ƙwaƙwalwa ya fito ba. Ƙwaƙwalwa labari kawai take samu bayan an gama. Wannan harbin ƙafa ne Ingilishi ya kira “knee-jerk”.

Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya samu lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, shi ya ƙara wani reshe. Ya nuna cewa kare da aka saba wa jin wani sauti kafin a ba shi abinci, daga baya sautin kaɗai kan sa miyansa ya zubo. A nan akwai darasi ga masu fassara, domin kalmar Rashancin da Pavlov ya yi amfani da ita tana nufin abin da ya rataya a kan sharaɗi, wato “conditional”, amma “conditioned” ce ta kafu a Ingilishi, kuma da ita aka sanya wa fassarar laccocinsa ta 1927 suna. Ke nan tun a hanyarsu ta shiga Ingilishi waɗannan kalmomi suka fara sauya kama a hannun masu fassara.

A Bakin Jama'a: Zargi da Yabo da Uzuri

A ƙarni na 20 ne “knee-jerk” ta bar asibiti ta shiga siyasa, kuma da ta shiga sai ta koma kalmar zargi zalla. Idan marubucin jarida a Landan ko Washington ya kira matakin gwamnati “knee-jerk reaction”, ba saurin gwamnatin yake yabawa ba. Cewa yake yi an taɓa ta ne ta harba, ba ta tsaya ta yi tunani ba, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da za ta yi tun kafin ta yi. Abubuwa uku ne a dunƙule cikin kalmar: sauri, da rashin tunani, da kasancewar abin sananne tun da farko. Shi ya sa ake liƙa ta ga abokin hamayya, a ce “knee-jerk liberal” ko “knee-jerk conservative”, wato wanda ra'ayinsa ba ya bi ta ƙwaƙwalwa. Da wuya a ji mutum ya siffanta matsayinsa da ita, sai dai in yana neman afuwa ko yana janye abin da ya faɗa da farko. Kalmar “Pavlovian” ta fi ta zafi, domin ta ƙara da cewa wani ne ya horar da mutumin har ya zama yana amsa ƙararrawa kamar karen gwaji.

Abin lura shi ne “reflex”, wadda a kimiyya ita ce uwar “knee-jerk”, ta bi wata hanya dabam. Mai sharhin wasanni da ya ce mai tsaron gida yana da “quick reflexes”, ko ya kira ture ƙwallo “reflex save”, yabo yake yi. Alhali a ma'aunin kimiyya abin da golan ya yi ba irin harbin gwiwa ba ne: ya ga ƙwallo, ƙwaƙwalwarsa ta auna inda ta nufa, shekarun atisaye suka yi aikinsu. Ƙwarewa ce da ta kai matsayin da ba ta bukatar dogon tunani. Haka “second nature” da “muscle memory” suke, duka yabo ne ga abin da aka koya har ya zama jiki, duk da cewa tsoka ba ta da wurin ajiye tunani.

Ita kuwa “instinct” a ilimin halittu tana nufin ɗabi'ar da aka haifi dabba da ita, kamar yadda gizo-gizo ke saƙar yanarsa ba tare da an koya masa ba. A bakin jama'a ta zama sunan basira: ɗan kasuwa mai “good instincts” shi ne mai hangen inda riba take, ɗan wasan gaba mai “killer instinct” shi ne wanda ba ya ɓarar da dama. Ƙawarta “gut feeling” ta ɗauki hanji ta mai da shi mazaunin gaskiyar da hujja ba ta kai gare ta ba tukuna. Mai cewa zai bi “gut” ɗinsa ba ya jin kunyar faɗa, yana ma iya yin alfahari da hakan. A duba wannan da kyau: mataki ɗaya, da aka ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya, mai goyon baya zai kira shi “instinct”, mai adawa ya kira shi “knee-jerk”. Bambancin ba a cikin jikin mai aikin yake ba, a bakin mai magana yake.

Rukuni na uku shi ne na neman uzuri. Wanda ya ce “it was just a reflex” bayan ya ture wani, ko ya ce yana kan “autopilot” lokacin da ya wuce kwanar gidansa, ko ya jingina kuskure ga “force of habit”, raba kansa yake yi da aikin. Hannunsa ne ya yi, ba shi ba. “Slip of the tongue” ma uzuri ce, amma da zarar an sauya ta zuwa “Freudian slip”, bisa ra'ayin da Sigmund Freud ya gabatar a littafinsa na 1901, uzurin ya koma tuhuma: baki ya tona abin da zuciya ke ɓoyewa.

Akwai kuma aikatau na ainihin motsin jiki, irin su “flinch” da “wince” da “recoil” da “shudder” da “cringe”. Su ma ba su tsira ba. “He did not flinch” yabon jarumta ne ta hanyar kore martani. “Cringe”, wadda asalinta maƙurewar jiki ce saboda tsoro, a bakin matasa ta zama sifar duk abin da ke sa mai kallo jin kunya a madadin mai yi. “Triggered”, daga kunamar bindiga, ta shiga ilimin halayyar ɗan Adam don bayyana yadda wani abu ke tayar wa mutum da tsohon tashin hankali, daga nan ta faɗa kafofin sada zumunta ta zama kalmar ba'a ga mai saurin hasala. Wannan tafiya daga jiki zuwa hali ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin ma'ana tun bayan littafin George Lakoff da Mark Johnson na 1980 kan siffantawa. Abin da ya kamata a jaddada shi ne ba ma'ana kaɗai ke tafiya ba, har da matsayin mai magana game da abin.

Inda Hausa ta Ajiye Nata

Charles Darwin, a littafinsa na 1872 kan bayyanar motsin rai a mutane da dabbobi, ya ba da labarin yadda ya kusanta fuskarsa ga gilashin da aka tsare kasa a gidan namun daji na Landan, da ƙudurin ba zai motsa ba ko ta kawo sara. Da ta kawo, sai ya tsinci kansa ya yi tsalle baya. Idan aka ba marubucin Hausa wannan labari, ba zai tsaya neman suna ba. Cewa zai yi: “Bai san lokacin da ya yi tsalle baya ba.” Wannan gini na “bai san lokacin da ... ba” ya cika littattafan ƙagaggun labarai da hirar baka, kuma yana yin daidai aikin da “reflexively” ko “instinctively” ke yi a labarin Ingilishi. Bai kore aikin ba, bai kore mai aikin ba, sanin kaɗai ya kore.

Hanya ta biyu ita ce sauke mutum daga kujerar aikau. A Hausa tsoro ne ke kama mutum, barci ya ɗauke shi ko ya sace shi, shaƙuwa ta kama shi, atishawa ta zo masa, zuciya ta ɗebe shi. Ko kuma wata gaɓa ce ke zama aikau: gabansa ya faɗi, hantar cikinsa ta kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa, tsikar jikinsa ta tashi, jikinsa ya ɗauki rawa. A duk waɗannan jimloli mutumin ba shi ne mai yi ba, shi ne wanda abin ya faɗa wa. Rashin niyya ba ya bukatar wata kalma ta musamman, domin tsarin jimlar ya riga ya faɗe shi.

Hanya ta uku tana cikin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960, waɗanda Paul Newman a nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 suka faɗaɗa bayaninsu. Aikatau irin su “firgita” da “razana” da “zabura” a sigarsu ta aji na uku ba sa ɗaukar karɓau, suna nuna halin da mutum ya faɗa ciki ne. Aikatau na aji na huɗu irin su “suɓuce” da “kuɓuce” da “ƙwace”, idan suka haɗu da “wa” ko “masa”, suna zana hoton abin da aka riƙe ya kufce: dariya ta kuɓuce masa, kuka ya ƙwace mata, magana ta suɓuce masa. Wannan hoto ya fi “involuntary” faɗi, domin ya nuna cewa an yi ƙoƙarin riƙewa aka kasa.

Hanya ta huɗu ita ce amsa-kama: ya farka firgigit, ya miƙe zumbur, ya cafe caraf, ya fizge wuf, gabansa ya faɗi ras, jikinsa na rawa kar-kar. Saurin da Ingilishi ke bayyanawa da sifa, Hausa tana jiyar da shi a kunne. Har yabon jarumta ta hanyar kore martani muna da shi: “ko gezau bai yi ba”, “ko ɗar bai ji ba”.

Daga ƙarshe akwai kalmomin motsin rai. Erving Goffman, a maƙalarsa ta 1978, ya nuna cewa furuci irin su “ouch” da “oops”, da ake ɗauka suna fitowa ne da kansu, suna bin ƙa'idar harshe da ta zaman jama'a. Bahaushen da ya taka ƙaya “wash” ko “wayyo” zai ce, wanda mummunan labari ya riska salati ko istirja'i zai yi. Zafin na jiki ne, amma abin da ya fito daga baki tarbiyya ce da ta zama jiki.

Inda Kuskuren ke da Tsada

Wani zai ce wannan duk ƙwalisar masana ce. Misalai uku za su nuna akasin haka.

Na farko ɗakin labarai ne. A ɗauka ɗan adawa a majalisar dokokin Birtaniya ya kira wata sabuwar doka “knee-jerk reaction”. Mai fassarar da ya kama ma'anar sauri kaɗai zai rubuta “martanin gaggawa” ko “matakin gaggawa”. To amma a Hausar rediyo da jarida “ɗaukar matakin gaggawa” abu ne da ake roƙon hukuma ta yi, ake kuma yaba mata idan ta yi. Ke nan suka ta rikiɗe ta koma yabo, mai sauraro a Kano ko Damagaram ya ji akasin abin da aka faɗa a Landan. Abin da ɗan adawar ke nufi shi ne garaje, ko azarɓaɓi, ko yanke hukunci ba tare da nazari ba. Hausa tana da ma'auninta a nan: garaje ba ƙarfi ba ne, kuma sauri ya haifi nawa. Ita ma “Pavlovian” tana bukatar taka-tsantsan ta ɗaya gefen, domin kawo kare a fili cikin fassarar zai ɗora wa maganar nauyin zagin da ya zarce na asali.

Na biyu kotu ce. A dokar Ingila akwai kariyar da ake kira “automatism”. A shari'ar Hill da Baxter ta 1958 an kawo misalin direban da taron ƙudan zuma ya afka wa yana tuƙi, a matsayin wanda ba za a ce shi ke sarrafa motar ba. A shari'ar Bratty ta 1961 Lord Denning ya bayyana irin wannan aiki da cewa shi ne wanda tsoka ta yi ba tare da ikon hankali ba, ya kuma ambaci “reflex” cikin misalansa. Sashe na 24 na kundin dokokin laifuka da ake aiki da shi a yawancin jihohin kudancin Nijeriya ma ya ɗauke alhaki daga aikin da ya auku ba tare da ikon mai shi ba. Amma “involuntary manslaughter”, duk da tana ɗauke da kalmar “involuntary”, ba wannan take nufi ba. Kisa ne da ba a yi niyyarsa ba, amma ya biyo bayan mummunan sakaci ko wani aikin da ya saɓa doka, kuma akwai hukunci a kansa. Tafintan da ya zuba duka biyun cikin “ba da gangan ba” ya haɗe wanda doka ta wanke da wanda ta kama. Hausa kuwa tana da kayan rarrabewa: ganganci dabam, kuskure dabam, sakaci dabam, “ba ya cikin hayyacinsa” dabam, kuma fiƙihu ya daɗe da kafa bambancin kisan ganganci da kisan kuskure a harshen.

Na uku asibiti ne. Kalmar “spontaneous” ta fito daga Latin da ma'anar yin abu bisa raɗin kai, kuma a hira tana nufin abin da ba a shirya ba, kamar tafin da jama'a suka ɓarke da shi. A likitanci kuwa “spontaneous abortion” ɓari ne. Wanda ya ga “abortion” ya rubuta “zubar da ciki”, sannan ya fassara “spontaneous” da “bisa son rai”, ya ɗora wa matar da ke cikin jimami laifin da ba ta aikata ba.

Abin da Za a Iya Kawowa na Suka

Suka ta farko ita ce kimiyya tana bukatar suna. Malamin ilimin halittu ba zai rubuta “bai san lokacin da ... ba” a matsayin kan darasi ba. Wannan gaskiya ce, kuma aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi, irin wanda ya haifar da ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, aiki ne da ba makawa. Shawarata ita ce a yi amfani da “martanin jiki” a matsayin uwa, domin tana haihuwa: martanin gwiwa, martanin ƙiftawa, martanin haɗiya, martanin tsotso, da martanin razana na jarirai wanda likita Ernst Moro ya bayyana a 1918. Za a iya raba ta biyu, “martanin halitta” ga wanda aka haifi mutum da shi, “martanin sabo” ga irin na Pavlov. Na guji “martanin jijiya” saboda “jijiya” a Hausa ta haɗa hanyar jini da hanyar saƙo da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Na kuma guji “martanin laka” saboda ba duka ne ke bi ta laka ba, ƙiftawar ido da tsukewar ƙwayar ido a gaban haske ta tushen ƙwaƙwalwa suke bi. Sharaɗin kawai shi ne kalmar ta tsaya a aji da asibiti, kada ta bi mai fassara zuwa shafin siyasa ko na wasanni.

Suka ta biyu ita ce bambancin da aka zana tsakanin harsunan ya yi kauri, tun da Ingilishi ma yana cewa tsoro ya damƙi mutum, Hausa ma tana da sunaye irin su razana da firgici da ilhami. Haka ne. Maganar rinjaye ake yi, ba ta haramci ba. Kuma bai kamata a zarce daga nan a ce Bahaushe ba ya ɗaukar alhakin aikinsa saboda nahawunsa ba. Harshen da ke cewa “zuciya ta ɗebe shi” shi ne kuma ke cewa baki shi ke yanka wuya. Sai dai tambayar tana da daraja a matsayin bincike. Caitlin Fausey da Lera Boroditsky sun ba da rahoto a 2011 cewa masu magana da Ingilishi sun fi masu magana da Sifaniyanci ambaton mai aiki idan suna bayyana abin da ya faru bisa tsautsayi, sun kuma fi su tuna ko wane ne. Gwaji irin wannan da masu magana da Hausa zai yi amfani ga nazarin ma'ana da kuma aikin tafinta a kotu.

Suka ta uku ita ce masu ilimin boko sun riga sun saba jefa “reflex” da “instinct” cikin Hausarsu, don haka a bar aro ya yi aikinsa. Aro ba aibi ba ne, da shi muka samu asibiti da likita da allura da mota. Amma aron kalma ba ya tabbatar da aron hukuncin da ke cikinta. Mai sauraron da bai zauna cikin Ingilishi ba zai ji sautin ne kawai, ba zai san ko yabo aka yi ko zargi ba.

Kammalawa

Abin da ake bukata daga masu ƙamus da masu koyar da fassara ba mai yawa ba ne. Tun daga Bargery a 1934 da Abraham a 1949, zuwa ƙamusun Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman a 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006, an tara dukiya mai yawa. Matakin da ya dace da ƙamusun fassara na gaba shi ne kowace irin wannan kalma a raba mata gida biyu, na kimiyya da na yau da kullum, a kuma sa wa na biyun alama: zargi, ko yabo, ko uzuri. A ƙarƙashin “knee-jerk” a ga martanin gwiwa, sannan a ga garaje da azarɓaɓi. A ƙarƙashin “reflexes” a ga martanin jiki, sannan a ga zafin nama. A ƙarƙashin “instinct” a ga ɗabi'ar halitta, sannan a ga basira da baiwa da ilhami. A ƙarƙashin “gut feeling” a ga “jikina ya ba ni”. A ƙarƙashin “second nature” a ga “ya zama jiki”, a ƙarƙashin “muscle memory” a ga “hannu ya faɗa”. Kuma misalan su zama cikakkun jimloli, tun da a jimla ne Hausa ke yin wannan aiki.

Ga ɗalibin fassara kuwa, tambaya ɗaya ta ishe shi duk lokacin da ya ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan. Kafin ya tambayi me jiki ya yi, ya fara tambayar me mai maganar ke so a yi da mai jikin: a hukunta shi, ko a jinjina masa, ko a yafe masa. Amsar wannan tambaya ce za ta nuna masa kalmar Hausar da zai ɗauka.